Gawon da Na Sa wa Ganye da Damina

Sana'ata gina wuraren da babu su. Idan masu fim suna son dutse ko kwari ko garin da ba za su iya zuwa ba, ni ake kira, in zauna gaban odinatar, wato kwamfuta, a Yamai in ƙera musu shi, har mai kallo ya rantse ya taɓa kwana a wurin. Inna ba ta taɓa ɗaukar wannan a matsayin aiki ba. In an tambaye ta abin da autanta ke yi, cewa take ina zana ƙarya ana biyana.

Ita ce kuwa ta ba ni aikin da ya fi kowanne wuya a rayuwata.

A wani ƙauye aka haife ta, cikin kwarin da ke ƙasa da Garhanga. Tun kafin a haife ni ƙorama ta fara cin gefensa, kowace damina ta yagi rabonta, har mutane suka kwashe suka hau tudu. Yau in ka je sai rami da yashi. Ni a bakinta na san garin: rijiyar da ke gabas, rumbunan kakana guda uku masu ciki kamar tulu, da babban gawon da ke tsakiyar gonarsu, inda ake ajiye goran ruwa lokacin noma.

Shekarar da idonta ya fara rauni na kai ta likita a Tawa. Aka ce ciwon ba irin wanda ake yi wa aiki ba ne, magani jinkirta shi kawai zai yi. A mota, muna komawa, ta ce tunda na iya ƙaryar wurare, in yi mata ta garinsu ta gani kafin fitilar ta mutu. Cikin wasa ta faɗa, amma ba ta yi dariya ba.

Na ɗauki abin da zafi. Na samo taswirar tudu da kwarin yankin, irin wadda ake aunawa daga sama, na shimfiɗa ta ta zama ƙashin wurin. A aikinmu akwai dabarar da ke sa ruwan ƙarya ya zaizaye ƙasa, don dutse ya yi kama da wanda ya ga shekaru. Ni akasin haka nake nema, sai na bi ramin ƙoramar da hannu ina cikewa, ina mayar wa kwarin naman da aka cinye masa. Na yi kwanaki a kan duwatsun Adar ina zagaya dutse ɗaya ina ɗaukarsa hoto ta kowace fuska, domin daga tarin hotunan nan na'ura ke haɗa siffarsa da kaushinsa. Makiyayan da ke wucewa sukan tsaya su dube ni, su yi mini addu'ar samun sauƙi. Na ɗauki sararin samaniyar Agusta da hantsi, don hasken da zai sauka kan komai ya zama namu. Na sa ɗan shuɗin nesa a kan tuddai, saboda in babu shi ido ba ya yarda akwai tazara. Gero na shuka dubbai, kowane kai da ɗan bambancinsa, na sa iska tana kaɗa su.

Ranar da na kawo mata, na cika da kaina kamar angon da bai san hali ba. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki bayan la'asar, ƙannenta mata biyu suka zauna gefe. Ta matso da fuskarta dab da gilashin odinatar ɗin. Ta gane tudun, ta gane rumbunan, har ta ce na ukun ya fi haka gajarta. Can sai ta tsaya, ta sa yatsa a kan itacen.

“Auta, wanga mi na?”

Na ce gawonsu ne.

“Hatsi ya yi kai, gawo na da ganye? Wagga wace duniya ta?”

Ƙannenta suka fashe da dariya har ɗaya tana share hawaye. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Duk wanda ya taɓa riƙe hauya a Adar ya san gawo da damina tsirara yake tsayawa, sai ruwa ya ɗauke yake yin ganye, shi ya sa hatsi ke son gindinsa. Na sani sarai. Amma da rani na ɗauki hotunan itacen, na'ura kuma ta san damina kore ce, ni ma da na yi shekaru a birni ban ga laifin hakan ba. Inna ta ture odinatar ɗin a hankali ta ce wurin yana da kyau, amma garin wasu ne.

Gyaran bai wuce na yini biyu ba. A nan halina ya cuce ni. Kunyar dariyar nan ta sa na rantse ba zan sake kawo mata abin da za a samu aibu a ciki ba. Na zubar da ganyen, sai na ga rassan ba su yi ba, na jira damina na je na ɗauko na gaskiya. Na gajarta rumbu. Na lura duwatsun gonar a warwatse suke yadda na'ura ta watsa su, alhali mutanenmu jera su suke yi don tare ruwa, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya. Tana kirana a salula tana tambaya, ina cewa saura kaɗan. Sau ɗaya ta ce mini mai jiran gawo ya yi inuwa da damina zai sha rana. Na yi dariya, ban ji abin da take faɗa ba.

Na koma bayan girbi. Tun daga ƙofar gida na gane, domin da na yi sallama fuskarta ta juya wajen muryata, idonta bai same ni ba. Na zauna kusa da ita da jakar odinatar ɗin a cinya.

Ita ce ta ce in buɗe. Na buɗe, na kunna, geron yana kaɗawa ba mai kallonsa sai ni. Ta ce in faɗa mata abin da ke ciki, daga rijiya in taho yamma. Na bi da ita hanya, na wuce rumbuna, na tsallake jerin duwatsu, tana gyaɗa kai. Da muka iso tsakiyar gona ta riƙe hannuna.

“Ya zubda ganyen?”

Na ce ya zubar, ko ɗaya babu.

Ta ce, “To, garinmu na. Bar ni nan gindinshi in ɗan huta.”