Inci Nawa Zai Ishi Baba

Baba ya shekara arba'in yana dillancin shanu a kasuwar Potiskum, kuma da idonsa ya ciyar da mu. Daga nesa zai kalli bijimi ya faɗi shekarunsa, a buɗe bakin dabba a duba haƙora a tarar haka ne. Shi ya sa ranar da ya ce talabijin ɗin falonmu ya yi ƙanƙanta ban yi musu ba. Wa ya isa ya yi wa Baba gardamar gani?

"Wannan ai kwalin ashana ne," in ji shi. "Mutum yana son ya ga masu ɗawafi, sai ka ce tururuwa."

Tashar Makka kaɗai yake kallo, daga la'asar zuwa magariba. Na ce to, za a canza. Amma a gaskiya gabana ya faɗi. Watanni ke nan ya daina zuwa kasuwa ranar Laraba, wai gwiwa ce. Na ga ranar da ya tsiyaya shayi a gefen kofi, na kau da kai kamar ban gani ba. Mahaifiyarsa ta makance kafin ta rasu, kuma ban manta yadda take lalube bangon zaure tana neman ƙofa ba. Tsoro nake ji ƙwarai, har na gwammace laifin ya zama na akwatin talabijin.

Mai shagon talabijin da na je wurinsa a bakin babban titi Bakano ne, ga surutu kamar rediyo. Na nuna mafi girma a jerin, ya girgiza kai.

"Malam, ba haka ake yi ba. Ka koma gida ka auno min taku nawa ne daga inda ake zama zuwa bango. In ɗaki ƙarami ne ka ɗauki ƙato, wuya za ta yi ciwo, ka dawo kana zagina."

Haushi ya kama ni, da kuɗina a yi min darasi. Duk da haka na koma.

Na bari sai da Baba ya tafi sallar azahar, sannan na shiga falon na tsaya a gaban kujerarsa. Taku huɗu na ƙirga zuwa bango. Na ce ba daidai ba ne, ai falon nan dogo ne. Da na waiwaya sai na ga ledar ƙasa. Ƙafafun kujerar sun lotsa ta a can kusa da taga, inda na san yana zama tun ina makaranta. Ga wani lotsawar a gaba kaɗan, ga wani, ga kuma wani. Wuri huɗu, duk suna matsowa wajen talabijin. Na baya sun yi zurfi, na gaban kuwa ko gama zama ba su yi ba. Na durƙusa ina shafa su. Kullum ina shiga falon nan, ban taɓa lura ba, ko kuma ban so in lura ba.

Da na koma shago ƙarya na yi. Na ce taku goma sha biyu.

"To ka ga, inci hamsin da biyar ne naka," in ji shi, yana jin daɗin kansa. Ya ɗauko awo ya gwada min daga kusurwa zuwa kusurwa, wai haka ake auna inci, ba a kwance ba. Ni dai kai kawai nake gyaɗawa. Da ƙyar kwalin ya shiga keke napep, rabinsa a waje, na rungume shi har gida ina addu'ar da ba ta da alaƙa da gilashi.

Kafin la'asar na kafa shi a bango, aka yi sa'a akwai wuta. Na mayar da kujerar can kusa da taga, kan tsohon gurbinta. Baba ya shigo ya nufi inda ya saba, bai same ta ba, na kama hannunsa na ce ga ta nan. Na ɓare ledar da ke manne a fuskar gilashin, na kunna. Ka'aba ta cika bangon, har zanen zinaren rigarta ana gani, fuskokin masu ɗawafi tar.

Ya zauna, ya miƙa wuya, ya ƙanƙance ido.

"Madalla, Allah ya yi maka albarka," ya ce. "Amma ka cire ledar nan ta jikin gilashin mana. Ta sa hoton ya yi dishi-dishi."

Ledar tana hannuna, na dunƙule ta a bayana. Ya kamata in ce Baba gobe da safe za mu je asibitin ido, kuma washegari na faɗa, muka je. Amma a wannan yammacin na kasa. Na taka zuwa bango, na sa farce a kusurwar gilashin, na ja abin da babu tun daga sama har ƙasa, ina murza ledar hannuna don ta yi ƙara.

"Yawwa," in ji Baba. "Ya ɗan fi."

Sai na ji ƙafafun kujerar suna jan ledar ƙasa a bayana.