Ba Ya Amsa Tambaya da Zafinta

Jiya 'yata ta tambaye ni wata kalmar Turanci mai nufin zurfin tunani. Kafin in ɗauko ƙamus, sai marigayi kakana ya faɗo mini a rai.

Na taɓa samunsa a zaurensa na Tudun Wada, na ce zan bar makaranta in kama kasuwanci. Ya ɓare goro, yana tauna a hankali, shayinsa na hucewa. Na ƙosa, na ce, "Baba, magana fa nake!"

Ya ce, "Na ji. Kai ka kwana da ita, ni yanzu ta iso."

Kafin ya gama goron nan, ni da kaina na fasa.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya ba ni ko rabin shirunsa.