Itacen Kabarin Jikana

Duk wanda ya gan ni a ƙasa, da wannan tumbin da yake riga ni shiga ɗaki, ba zai yarda cewa hawan itace ne sana'ata ba. Matata takan ce idan na hau bishiya, bishiyar ce ta fi buƙatar addu'a. Amma daga Gumbihini har Bulpiela babu dogon yaro ko maɗacin bakin titi da bai san nauyina ba. Ina cikin ma'aikatan da asembili, wato hukumar gari, take turawa su gyara bishiyoyin jama'a kafin ruwa ya sauka. Mu a wurin aiki aski muke ce masa. Reshen da ya kai wa wayar lantarki hannu mu rage shi, wanda ya ruɓe mu sauke shi, bishiyar da ta gagari magani kuwa a shafa mata jan fenti, mu zo mu kwantar da ita gaba ɗaya. Ba don mugunta ba. Iskar farkon damina a Tamale ba ta da kunya. Da idona na ga ta ɗauke rufin wani bawan Allah, sai da ya hau mota ya bi kwanonsa har ƙauyen surukansa.

Wata shekara aka tura mu Zogbeli, wani lungu da aka faɗaɗa aka yi masa gwata, wato magudanar ruwa. Akwai dogon yaro a wurin, babba, kansa ya rufe rabin titi, rassansa sun rungumi wayoyi kamar sun daɗe ba su ga juna ba. A gindinsa wata mata take sayar da koko da ƙosai, yaran makaranta suna zama a kan benci suna sha. An riga an shafa masa jan fenti.

Shugabarmu a lokacin wata yarinyar mace ce da ta karanci harkar itatuwa, muna ce mata Madam. Ba ta da tsawo, amma idan ta ɗora hular kwano ta ce a tsaya, har injin yanka yakan yi shiru don kansa. Muka sauke igiyoyi da tsani daga mota. Sai muka tarar da wani tsoho ya jawo kujerarsa ya jingina ta da gindin bishiyar, ya miƙe ƙafafu, sanda a kan cinya. Mai kokon 'yarsa ce. Ita ta raɗa mini cewa tun asuba yake nan, ko karyawa ya ƙi yi.

Da na ji harshensa yana magana da mutane na gane Bamoshe ne, sai raina ya yi fari. Uwata Badagomba ce, kuma tsakaninmu da Mosawa akwai wasa tun na kakanni: mu ne kakanninsu, su jikokinmu, ko da mutum ya haifi ubanka. Na gyara wando na matsa.

"Salamu alaikum, jikana. Tashi ka ba kakanka kujera."

Ya dube ni daga hula har takalmi. "Wa alaikumus salam. Wane ne ya kwance wannan buhun masara ya bar shi yana yawo?"

"Aski muka zo yi wa bishiyarka."

"Aski da jan fenti? Kai Dagomba, ƙarya ma ba ku iya ba. Itace nan ni na shuka shi. Wanda zai taɓa shi, ya fara da wuyana."

Na ce masa wuyansa ba zai ishi injinmu karin kumallo ba. Mutane suka yi dariya, shi ma gefen bakinsa ya motsa, amma bai tashi ba. Madam ta durƙusa ta gaishe shi da kyau, ta nuna masa wayoyin, ta nuna masa wani babban reshe da ya tsage a inda ya rabu da uwar, daidai saman bencin yara. Ya ce ya ji. Bai motsa ba. Wani cikinmu ya ce a kira 'yan sanda, Madam ta ce ba ta taɓa ganin an sare bishiya da ɗan sanda an kuma zauna lafiya da unguwa ba. Ta sa aka janye bencin zuwa ƙetaren titi, ta ce mu kwashe kaya, gobe ma rana ce. A mota ta gaya mini gaskiya: ba za ta iya barin wannan reshen ya kai ga iskar farko ba. Idan tsohon bai sauko ba, dole a kwantar da bishiyar ko yana so ko ba ya so.

Washegari na riga kowa zuwa. Na sayi koko, na zauna a ƙasa kusa da kujerarsa, na sha da ƙara yadda zai ji haushi.

"Jikana, gaya wa kakanka gaskiya. Kuɗi ka binne a ƙarƙashinta, ko aljana ka aura a sama?"

Ya harare ni. Sannan ya ɗaga sandarsa ya nuna sama.

"Ka ga waɗancan masu miƙewa? Su ne za su rufe ni."

Na ajiye kokon. Kowa ya san yadda muke yi: idan an sa mamaci a ƙaramin rami, ɗanyen itace ake jerawa a kai, a bi da ganye, a liƙe da laka, sannan a tura ƙasa. Kuma dogon yaro aka fi so, don gara ba ta cinsa da wuri.

Ya ce da ƙafa ya shigo garin nan yana saurayi, yana kora shanun wani daga arewa. Shanun suka wuce kudu, shi ya tsaya. Bai gaji gona a nan ba, filin gidan ma aro aka ba shi. Abu ɗaya da ya sa a ƙasar Tamale da hannunsa ya kama shi ne wannan bishiyar, da ya kawo ta a gwangwanin madara tana da ganye kamar gashin jariri. Da aka faɗaɗa titi sai katangarsa ta ja baya, bishiyar ta koma waje.

"Na kwanta da itace nawa, na tashi ya zama na gwamnati. Ban yi faɗa ba. Inuwa ai ta kowa ne. Amma na nuna wa mijin 'yata rassan da za a yanka ranar. Ba na so a je a roƙo mini itacen wani. Baƙo na zo, kada a rufe ni da aro."

Ni mutum ne da bakina ba ya hutawa, ko a barci matata ta ce ina ba da labari. Amma maganar da ta zo mini ranar ba mai daɗi ba ce.

"Baba," na ce, na ajiye wasan, "wanda ya tsage ɗin yana cikin waɗanda ka zaɓa. Idan iska ta sauke shi da safe yara suna shan koko, wa zai rufe?"

Ya kalli 'yarsa tana juya ƙosai a ƙetaren titi. Ya kalli yaran.

"To idan kun yanka yau fa? Ba a yanka itacen kabari sai mai shi ya tafi. Ku jera mini su a ƙofar gida ina kallo suna kallona?"

Ana haka motarmu ta iso. Na ja Madam gefe na zayyana mata komai. Ta cire hular kwanon, abin da ban taɓa gani ba, har na ɗauka da ita aka haife ta. Ta zaga bishiyar tana duba saiwa. Ta ce wanda ya shafa fentin daga ƙasa ya duba, kuma da gaskiyarsa, kan ya yi nauyi. Amma idan gangar jikin lafiya take, akwai hanya ta uku. Ta ce in hau in gani.

Na ɗaura igiya na hau. Bishiyar ta yi wani nishi da aka ji a Bulpiela. Tsohon ya ɗaga murya daga ƙasa: "A hankali, kai giwa! Ba a gama shawara ba za ka karya mini ita!" Na bi gangar ina ƙwanƙwasa ta da bayan adda, ina saurare. Itace mai rami yana amsawa kamar ganga, mai lafiya kuwa kamar ka bugi ƙirjin ɗan dambe. Wannan ko'ina tauri. Tsagar a reshen kaɗai take, amma ta yi zurfi, hannuna ya shige har wuyan hannu, ruwa ya kwanta a ciki.

Da na sauko, Madam ta durƙusa gaban tsohon ta yi masa bayani, ni ina ƙara gishiri. Za a sauke kan gaba ɗaya, a bar gangar da guntayen kafaɗu ƙasa da wayoyi. Dogon yaro ba ya fushi da irin wannan askin. Ruwa na sauka zai fitar da sababbin rassa, kuma irin waɗannan su suka fi miƙewa, kamar an ja su da zare. Duk shekara za mu dawo mu rage waɗanda suka nufi waya, mu bar masa na gefen gida su yi kauri.

"Kauri kamar yaya?" in ji shi.

Ta nuna damtsenta, ta ga bai isa ba, ta nuna nawa.

"Sai yaushe?"

"Sai an yi shekaru, Baba. Ya danganta da ruwan da ta samu."

Nan na ga ƙofa, na faɗa da tumbina gaba ɗaya. "Ka ji ko, jikana? Maganar tafiya babu ita yanzu. Kayanka ba su nuna ba. Mutum mai mutunci ba ya tashi tafiya ya bar guzuri a wuta."

"Ranar ta Allah ce, kai marar kunya."

"Ta Allah ce. Amma roƙo ai an yarda a yi. Ka roƙa a jira ka, mu ma za mu taya ka. Asembili gaba ɗaya za ta ce amin."

'Yarsa ta fashe da dariya har da hawaye, ta goge da bakin mayafi, ban tabbata na dariyar ne kaɗai ba. Tsohon ya yi ta kallon sama. Can ya miƙa mini hannu.

"Ɗaga ni. Kuma kai za ka yanka da kanka. Idan ta mutu na san gidan da zan kai ƙara."

Masu lantarki suka kashe wutar layin. Na koma sama da inji a ɗaure a ƙuguna. Irin wannan aikin ba a yinsa da gaggawa. Kowane reshe sai an ɗaure shi da igiya an ratayo ta wani reshen, na ƙasa su riƙe. Ka fara ɗan yanka ta ƙasa kafin ka bi ta sama, don kada ya faɗi ya yage ɓawon uwar. Wurin yankan kuma ka karkata shi yadda ruwa zai zube, kada ya kwanta ya kawo ruɓa. Mai tsagar na bari sai da na rage masa nauyi daga baki, gaɓa gaɓa. Da na zo gindinsa ban ma gama ba ya buɗe da kansa, baƙin ruwa ya zubo mini a wando. Har yau abokan aikina suna cewa ba ruwan itace ba ne. Allah ya isa.

Kafin azahar sararin sama ya buɗe a lungun. Bishiyar ta tsaya kamar ɗan da aka yi wa askin suna. Mata suka fara taruwa da igiyoyinsu don itacen girki, kamar yadda aka saba duk inda muka yi aiki. Tsohon ya buga sanda a ƙasa. Ya ce ƙanana da karkatattu su ɗiba. Miƙaƙƙun kuwa a yanka su daidai faɗin rami, a loda a motokin, keken kayan nan mai ƙafa uku, a kai maƙabarta, a ajiye wa waɗanda suke rasuwa a garin nan ba su da kowa. Ya ce shi ya san yadda baƙo yake. Madam ta ce wannan ba ya cikin dokar aiki, amma kuma babu inda doka ta hana. Ita ta kama bakin na farko muka ɗora. Sannan ta sa aka kankare jan fentin.

Ruwa ya sauka da iskarsa, ta yi ɓarnar da ta saba a wasu unguwanni. A lungun nan ko waya ba ta tsinke ba. Bayan damina na biya ta wurin a kan babur. Kafaɗun bishiyar sun cika da sababbin rassa, kore shar, kowanne ya miƙe yana nuna sama. An dawo da bencin. Inuwar ba ta kai ta da ba, amma ta rufe tukunyar koko da kujerar tsohon.

Shekara tana zagayowa muna zuwa rage na wajen waya. Kullum sai ya sa an kawo masa tsani, ba don ya hau ba, don ni in hau in auna masa kaurinsu da yatsu in faɗa. A zuwanmu na bana na tarar ana rigima. 'Yar ta fito da ruwan wanke-wanke za ta zuba a gindin bishiyar kamar yadda take yi tun tana yarinya, tsohon ya tare ta da sanda.

"Kai shi gwata! Na ce ki kai shi gwata!"

Ta juyo wurina. "Kawu, ka yi masa magana. Wata guda ke nan ya hana a ba ta ruwa."

"Jikana, lafiya? Bishiyar da ka ce a fara da wuyanka?"

Ya jawo ni kusa, ya rage murya, ya nuna sama da haɓa.

"Kai ba ka gani ba ne? Sauri suke yi. Bara kamar sandata, bana sun kusa damtsen Madam. Ina suke gaggawar zuwa? Jikata ta shiga makarantar koyon jinya, ina so in ga ta fito. A bar su su sha na sama kawai, ya ishe su."

Na ce wa 'yar ta kai ruwan gwata.