Barci da Ƙafa a Bokiti

Dogo ya hango wani yana barci a barandar ɗakunan ɗalibai, bayan an daɗe da shiga jarrabawa. Wani siririn yaro ne, ya tsoma ƙafafu a bokitin ruwan sanyi don korar barci, ga shi yana ta minshari, littafi a ƙirji. Wuyan rigarsa ya koɗe. Da gani, shi gidansu suka zuba wa ido.

Masu wucewa suna dariya. "Malam, kifi kake kiwo?"

Dogo ya taɓa shi. "Ɗan'uwa, ba ka da jarrabawa yau?"

Yaron ya zabura, ya dubi rana. "Wayyo Inna!" Ya kwasa da gudu ba takalmi.

Dogo yana tsaye riƙe da silifas ɗin yaron. Har yanzu ba a ji ko an bar shi ya shiga ba.