Kukan Baron Baba

Ƙiii-ƙyat, ƙiii-ƙyat. Haka baron Baba yake kuka, kuma tun daga gangaren masallaci ake jiyo shi. A kunnena ba ƙara ba ce, waƙa ce mai baiti ɗaya: dogon numfashi, sai 'yar shaƙuwa a ƙarshe. In ya ɗauko ayaba muryar takan yi kauri. In alayyahu ne kawai, sai ta sirance kamar ta ɗan tsako.

Tun da Baba ya ajiye aikin gwamnati ya huta da sammakon motar Abuja, sai ya koma wa lambunsa na bakin rafi, can ƙasan unguwar Bagama. Da hantsi ya tura baro ya tafi, in rana ta yi sanyi ya turo shi ya dawo. Maƙwabta sun yi magana har sun gaji. "Alhaji, a ɗan ɗiga masa baƙin mai mana." Sai ya ce, "To, sai gobe."

A gidanmu babu mai son goben nan ta zo, musamman Yaya. Ita ce 'yar fari, Baba ko sunanta ba ya faɗa, sai dai ya ce "babbar". A shekarar tana da saurayi, wani ɗan Katsina mai yawan fara'a da ke aiki a Abuja yana haya a nan unguwar Hashimi. Ranakun aiki cunkoson hanya ba ya barinsa, don haka Asabar da Lahadi yake zuwa zance. Sukan zauna a kan benci a ƙofar gida, ƙarƙashin darbejiya, ni kuma 'yar rakiya ina gefe da littafi a cinya. Amma ainihin aikina saurare ne. Da na jiyo ƙiii daga nesa sai in ce, "Yaya, ga waƙa nan." Shi ya zura takalmi ya sha kwana, ita ta faɗa cikin gida, ni in jingine benci. Kafin Baba ya iso, ƙofar gida fayau, sai kaji.

Ba wasa muke yi ba. Baba ya taɓa faɗa a gaban kowa cewa duk wanda ya gani a ƙofarsa bai turo manyansa ba, to ganin farko shi ne na ƙarshe. Saurayin kuwa yana da niyyar turowa, sai dai kullum akwai abin jira: a tabbatar da shi a wurin aiki, ya sami ɗakin da ya fi na yanzu, kawunsa ya dawo daga tafiya. Yaya tana son sa, tana kuma sane da cewa Baba ba ya magana biyu. Aurenta kenan yake rataye a jikin wata tsohuwar taya.

Wata Asabar Baba ya tafi ɗaurin aure Sabon Wuse, Yaya ta tafi kitso. Da hantsi sai ga sallama a ƙofa. Na leƙa, na ga saurayin Yaya da tsohuwar riga, riƙe da baƙar leda.

"Ƙanwarmu, fito mini da baron Baba."

"Yaya ba ta nan fa."

"Yau ba wurinta na zo ba, wurin surukina na ƙarfe na zo."

Na turo baron daga zaure yana ƙiii-ƙyat ɗinsa, ban san na ƙarshe ke nan ba. Ya kife shi a ƙasa, taya tana kallon sama. Ya girgiza ta, ta yi lakwaf-lakwaf gefe da gefe. "Kin gani? Boris ɗin cikin tayar ne ya cinye. Mai ba zai yi masa komai ba." Ya ce a shagon kawunsa mai gyaran keke ya tashi, kafin boko ya lalata masa hannu.

Ya kwance noti da sifana, ya zare ƙarfen da ya ratsa tsakiyar tayar. Sannan ya sa wani guntun rodi ta ciki yana bugawa da guduma. Bugu na farko a babban yatsansa ya sauka. Ya yi tsalle yana yarfa hannu, yana salati.

"Kawun naka yana nan da rai?" na tambaye shi.

"Yana nan, me ya faru?"

"Kada ya ji labari."

"Ke dai riƙe mini tayar nan, 'yar baƙin ciki."

Da tsohon boris ɗin ya faɗo, sai 'ya'yansa suka watse a ƙasa. Na tsince su a tafin hannuna. Wasu sun yi ja da tsatsa, wasu sun lotse, ɗaya ya rabe biyu. Na yi ta kallonsu ina mamaki, wai waɗannan 'yan ƙananan abubuwa ne suke rera mana waƙa duk yamma. Ya wanke ramin da kananzir, ƙamshinsa ya cika ƙofar gida. Ya ciro sababbi guda biyu suna sheƙi, ɗaya na kowane gefe, ya ɗora guntun katako a kai yana bubbugawa a hankali har suka zauna daram. Ya cusa giris da yatsa, ya mayar da komai, ya murza tayar. Ta yi ta juyawa, ta yi ta juyawa, shiru kamar ruwa a randa.

"Kada ki faɗa wa Baba ni ne," in ji shi. "Alheri a ɓoye ya fi lada."

Da Yaya ta dawo na nuna mata da murna. Ta tura baron zuwa bakin zaure, ta jawo shi baya. Ta sake turawa. Sai ta ɗora hannu a kan sabon kitsonta.

"Inna lillahi. Auta, ya kashe mu."

Sai a lokacin na gane asarar da muka yi.

Washegari Baba ya tura baronsa ya fita. A bakin ƙofa ya ɗan tsaya, ya dubi tayar, ya dubi sama, ya wuce. Yaya ta tsara sabuwar dabara: tunda kunne ya daina amfani, ido zai karɓi aiki. In lokacin dawowar Baba ya kusa, zan je in tsaya wajen mai kanti a bakin layi, in na hango shi in rugo. Abin da ba mu lissafa ba shi ne, baron da ba ya gardama ba ya ɓata wa mai shi lokaci a hawan gangare.

Ana idar da la'asar saurayin ya iso, yatsa naɗe da filasta. Yaya ta fara yi masa faɗa ƙasa-ƙasa, shi kuwa dariya yake yi. Ina tsaye ina gyara hijabi zan tafi gadi, ya ce in ma kewar kukan Yaya take yi, shi zai riƙa yi mata. Ya miƙe, ya kama hannayen baron da babu shi, ya rufe ido, ya sirantar da murya.

"Ƙi-ƙyat! Ƙi-ƙyat!"

"Ba haka yake yi ba," in ji wata murya a bayansa. "Na farkon ja ake yi."

Baba ne, da baro cike da yakuwa da gwanda. Ban ga lokacin da Yaya ta ɓace ba, takalminta ɗaya kawai na gani a bakin zaure. Saurayin ya zube ƙasa, gwiwa biyu.

"Barka da yamma, Baba. An dawo lafiya, Baba? Ya lambu, Baba?"

Baba bai dube shi ba, darbejiya yake kallo. "Kai ne ka taɓa mini baro?"

"Ni ne, Baba."

"Aikin ya yi kyau. Ban ji daɗinsa ba."

"A yi haƙuri, Baba."

"Samari, da ban gan ka ba. Yanzu kuwa na gan ka, kuma ina jin an faɗa maka abin da na ce." Daga bayan ƙyauren zaure ina jin numfashin Yaya. Baba ya ci gaba: "Wanda bai turo ba na ce. Kai ka turo, ko ba ka turo ba?"

Saurayin ya ce, "Suna hanya, Baba."

"Madalla. Hanyar Katsina dai ba ta wuce yini guda. Ranar Juma'a ba zan je lambu ba."

Ya tura baronsa ya shige, shiru, ko ganyen yakuwa bai motsa ba. Saurayin ya daɗe a durƙushe. Da ya tashi, waya ya ciro, na ji yana cewa, "Kawu, don Allah kana ina yanzu?"

Ranar Juma'a suka zo, dattawa cikin manyan riguna, da goro da alawa, har da kawun mai gyaran keke. Ba a tabbatar da shi a wurin aiki ba tukuna, ɗakin ma shi ne dai na Hashimi. Bayan babbar salla aka ɗaura aure, kuma ɗakin ya ishe su.

Sai ranar sunan ɗansu na biyu, muna zaune ana tuna baya, mijin Yaya ya faɗa mini abin da ban taɓa sani ba. Gyaran nan ba tunaninsa ba ne. Mama ce ta aika masa ta bakin maƙwabciyarmu cewa kukan baron yana sa ta ciwon kai, kuma ranar Asabar Alhaji ba ya gari. Boris ɗin ma ita ta sa mai gyaran keken layinmu ya auna ya sayo, a cikin baƙar ledar aka kai masa har gida.