Iliyasu Bakanike da Fijon Tsere

Duk wanda ya taɓa kai mota ko injin ban ruwa gyara a Wurno ya san Iliyasu. Shi ne dogon nan mai furfura a gemu, wanda garejinsa ke bakin hanyar Goronyo, ƙarƙashin wata tsohuwar tsamiya. Mutum ne marar magana. Ka kawo masa inji yana tari, sai ya kara kunne, ya ce ka dawo bayan La'asar, hirarku ta ƙare ke nan. Wasu na cewa girman kai ne. Ko kusa. Kunya ce, irin wadda ya sha a nonon uwarsa, Bafulatanar Rabah, kuma kunyar nan ita ta cinye shi da ransa.

Yana saurayi ya shiga hannun Alhaji Yari na Rabah, attajirin albasa da Allah ya jarabta da son gudu. Alhaji yana da wata farar Fijo 504 da aka ɗaure wa ƙarafa daga ciki, don ko ta kife kada ta murƙushe mutum. Da ita yake shiga tseren motoci na bikin Argungu, Iliyasu na zaune gefensa da akwatin sifanu tsakanin ƙafafu. Ba su taɓa zuwa na ɗaya ba, amma suna kai ƙarshe da tayoyinsu huɗu, abin da ba kowa ke samu ba. Da Alhaji ya rasu, magada suka duba Fijon, injin ya riga ya buga, suka ce Iliyasu ya ja abarsa. Ya sa aka jawo ta har Wurno, ya rufe ta da zana a bayan gareji. Nan ta zauna shekara da shekaru, awaki na haihuwa a kujerar baya.

Ɗansa na fari sunansa Bashir, amma ba za ka taɓa jin sunan a bakin Iliyasu ba. A gidan da ya tashi, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yaba shi, ba ya zama hira da shi, ba ya nuna wa duniya ya damu da shi. Tun da aka yaye yaron aka kai shi Goronyo wurin Hassana, yayar Iliyasu, ita ta raine shi. Sai da ya zama saurayi, uwarsa ta rasu, sannan ya dawo Wurno ya kama aiki a garejin. In Iliyasu na son abu, sai ya dubi bango ya ce, "Wani shi miƙo sifana." In baƙo ya ce wannan ɗanka ne, sai ya ce, "Yaron gidan na." Alhali in Bashir ya yi zazzaɓi, Iliyasu ba ya iya haɗiye tuwo.

A shekarun nan samari suka fara watsewa. Noma ya yi wuya, daji ba ya shiguwa saboda 'yan bindiga, kowa sai maganar Jado, can cikin Sahara inda ake haƙar zinari. Wasu na dawowa da babur, wasu ko labarinsu ba ya dawowa. Wata ranar kasuwa Hassana ta sauka daga kabu-kabu a bakin garejin, ko gaisuwa ba ta gama ba.

"Iliya, ɗanka za shi Jado. Jakatai na ɗakina, ya gama shiri."

"Wa ke nan, Adda?"

"Bashir nic ce. In kai ba ka iya faɗin sunanai, ni na iya. Ka buɗe baki ka ce mai shi zauna. Mi za shi same ka in ka faɗa?"

Iliyasu ya daɗe yana murza wani fulogi da tsumma. Ya ce, "Ba a haka, Adda."

Tsoro ya kama shi ƙwarai, tsoron da bai taɓa ji ba ko a gefen Alhaji Yari. Washegari da safe ya zagaya bayan gareji, ya yaye zanar da ke kan Fijon, ya kori awaki. Ya tsaya yana kallon tsatsa, ya ce, kamar da motar yake, "Wagga tana son hannu. Ni ɗai ba ni iyawa." Bashir na tsugune yana wanke kabireta a cikin fetur. Ya ajiye, ya taso ya kama ɗaya gefen bonet suka ɗaga tare. Jakar ta ci gaba da zama a Goronyo.

Aiki ne na fitar hankali. Ƙasan motar ya ruɓe har kana hango ƙasa, suka yanke suka yi waldar sabon ƙarfe. Wayoyin wuta ɓeraye sun gama da su. Gilashin gaba sai a Sakkwato aka samo, wurin wani mai tsofaffin kaya da ya rantse shi kaɗai ya rage. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Da rana su gyara injinan ban ruwa na masu albasa don a ci abinci, da yamma su koma kan Fijo. Ba hira suke yi ba. Iliyasu ya ce wa bango birkin baya na riƙewa, Bashir ya ce wa taya ai ya gani. Amma a tsawon rayuwarsu ba su taɓa zama kusa da juna haka ba, kai da kai a ƙarƙashin mota ɗaya, kuma Iliyasu ya ji daɗin da ya rasa inda zai sa shi.

Bashir ne ya gano injin da za a sa mata a waya, wurin wani dillali a Kwatano. Injin tsere ne sabo fil, mai kabireta biyu, bai taɓa shiga mota ba. Ya ajiye wayar kan benci ya matsa, uban ya zo ya duba hoton shi kaɗai. Kafin wata ya ƙare Iliyasu ya sayar da fadamarsa ta bakin Rima, gonar albasar da ya gada wurin ubansa. Hassana ta zo ta yi ta faɗa har muryarta ta dishe, ta ce ya sayar da ƙasa ya sayi ƙarfe, mi zai bar wa ɗiya? Iliyasu ya ci gaba da aikinsa. A ransa ya san ƙasar ba ta riƙe masa yaro ba, ƙarfen ne ya riƙe.

Injin ya iso cikin akwatin katako, yana walƙiya, ya kuma ƙi zama. Ƙafafunsa ba su dace da mazaunin tsohon ba, giya ta ƙi haɗuwa da shi. Su ɗora da sarƙa a reshen tsamiya, su sauke, su sake ɗorawa. Bashir ya zana farantin ƙarfen da zai haɗa injin da giya a jikin kwali, ya kai Sakkwato wurin masu injin sassaƙa ƙarfe, aka fitar da shi daidai ba ragi. Iliyasu ya tsaya yana kallon hannun yaron a kan kabireta, ya tabbata ya wuce shi nesa. Wani direba ya ce, "Malam Iliya, ɗan ga naka ya fi ka." Ƙirjin Iliyasu ya cika har ya ji kamar zai yi kuka, amma abin da ya fito bakinsa shi ne, "Shina dai taɓawa."

Tun ranar da ya yaye zana, Iliyasu ya gama yanke shawara: motar ta Bashir ce, shi zai kai ta Argungu duk shekarar da aka buɗe tsere. Bai faɗa wa kowa ba, ko Hassana. Abin da ya yi shi ne, ranar da Bashir ya tafi Sakkwato, ya ɗauki karan dawa ya auna wandon yaron da ke shanye a igiya, ya zo ya ja kujerar direba baya daidai tsawon karan, ya yi mata walda ta mutu a wurin. A ganinsa ya yi magana ke nan. Bashir ya dawo ya shiga ya zauna, ƙafafunsa suka sauka kan totur da kuloci kamar an gwada. Ya ɗago ya dubi uban, uban na can ya dukufa cikin akwatin sifanu yana neman abin da bai ɓata ba. Ranar kasuwa Bashir ya ce wa Hassana, "Gwaggo, ina jin ni za ni tuƙa ta." Ta ce rabon da ta ga haƙoransa haka tun yana ƙarami.

Aka sa ranar tayar da mota, wata Juma'a bayan an sauko masallaci. Labari ya riga ya zagaya. 'Yan kabu-kabu suka jera babura, masu albasa suka zo, tsofaffin da suka san Fijon a zamaninta suka zo da sandunansu. Daga Rabah kuma sai ga Alhaji Ja'afar, babban ɗan marigayi Alhaji Yari, gajere mai tumbi, cikin shadda, ya zo ganin motar ubansa. Iliyasu ya shiga ya murɗa makulli. Injin ya ɗauka bugu ɗaya, da wata irin ƙara da ta sa jakunan bakin hanya tsinke igiya. Ya bar shi ya yi zafi, ya kashe, ya fito da makullin a hannu. Saura a hau hanya.

Bashir na tsaye jikin ƙofar direba. Ya wanke hannunsa da omo har baƙin mai ya fita daga farce, ya sa sabuwar riga. Iliyasu ya gan shi sarai. Ya kuma ga idon Wurno gaba ɗaya a kansa. Ya miƙa wa ɗan fari makulli a bainar jama'a, ga ɗan ubangidansa tsaye ya taso tun daga Rabah? Gobe a ce Iliyasu ya tsufa ya zubar da kunya. Ya ce a ransa zagaye ɗaya ne kawai, in mutane sun watse sai ya bar makullin kan bonet inda yaron zai gani. Ya wuce Bashir, kafaɗarsu har ta gogi juna, ya sa makullin a hannun Alhaji Ja'afar.

Ƙafar Alhaji ba ta kai kuloci ba, sai da aka kawo matashi aka cusa masa a baya. Motar ta zabura ta mutu, ta sake zabura ta mutu, mutane na dariya. Da ƙyar ya kai ta bakin kwalbati ya dawo, gumi ya jiƙa shaddar. Ya leƙo ta taga yana haki, ya ce cikin raha, "Ke nan ni za ni kai ta Argungu, Malam Iliya?"

"Motar gidanku ta, Alhaji. Mu tsaro muka yi."

Kowa a wurin ya san maganar ladabi ce, irin wadda ake yi wa ɗan ubangida. Alhaji Ja'afar kansa ya sani, shi da ko kyauta aka ba shi ba zai sake shiga ba. Amma Bashir, da ya ba motar nan ƙuruciyarsa, yana jiran kalma ɗaya tak daga bakin ubansa, kalmar da ya ji ke nan. Haba Iliyasu. Ko sau ɗaya ai ka juya ka dube shi.

Da yamma ya bar makullin kan bonet kamar yadda ya shirya. Da safe ya same shi a wurin, raɓa ta jiƙa shi. Bashir ya bi motar farko zuwa Goronyo, ya ɗauki jakarsa a ɗakin Gwaggo, ya durƙusa ya roƙe ta gafara, ya nufi Illela ya ƙetare iyaka.

Bayan 'yan makonni Hassana ta zo garejin da wayarta a ƙulle a bakin zane. Bashir ya aiko cewa yana Agadas, zai kira bayan Azahar, kafin su shiga Sahara inda waya ba ta kamawa. Ta zauna kan tsohuwar taya tana jira. A benci akwai masu gyara su huɗu ko biyar, suna jiran injinansu. Wayar ta yi ƙara, ta gaisa da shi a gurguje, ta miƙo wa ƙanenta.

"Ka ce mai motatai ta. Ka ce mai shi komo. Shi ke nan abin da nika roƙonka, Iliya."

Ya karɓa da hannu biyu ya kara a kunne. Ya ji iska da hayaniyar tasha, sannan muryar.

"Baba."

Maganar na nan a bakinsa, ya shirya ta tun ranar da ya tsinci makulli. Mutanen benci suka yi tsit don girmamawa, shirun nan kuwa ya ƙara ɗaure shi, don yanzu kowa zai ji. Ya buɗe baki, ya dubi bango.

"Ina anka aje sifana goma sha ukku?"

Can ɗaya gefen Bashir ya amsa.

"Tana cikin gwangwanin madara, ƙarƙashin kujerar direba."

"To."

"To, Baba. Mota za ta tashi. A yi min addu'a."

Maganarsu ta ƙarshe ke nan. Hassana ta karɓi wayarta ta tafi, kuma har yau ba ta sake taka garejin ba. Damina biyu ta wuce babu kira, babu saƙo. Cikin waɗanda suka dawo daga Jado, wani ya ce ya ga wani dogon bakanike yana gyaran motocin ruwa, wani ya ce akwai motar da ta ɓata a hanya a wancan watan, ba wanda ya tabbatar da komi. Fijon na nan a kammale, fentinta fari tas, injinta bai ci ko tafiyar Rabah ba. Masu kuɗi daga Sakkwato sun zo taya ta, ya ce ba a gama ba. Ya rame, idonsa ya faɗa, yana gyaran injinan ban ruwa kamar kullum, amma baƙin ciki ya gama da shi, kowa na gani.

A ranar da aka yi wayar, bayan masu gyara sun watse, ya buɗe ƙofar direba ya durƙusa ya laluba ƙarƙashin kujera. Gwangwanin na nan. Sifanar na ciki, an goge ta, an naɗe ta a tsumma mai tsabta. Ya zauna a ƙasa riƙe da ita har aka kira Magariba, shi kuwa ko aikin da zai yi da ita ba shi da shi.