Thaddeus Mai Faɗa wa Gawa Hanya

Duk wanda ya zauna a Jikwoyi a shekarun da Abuja ta fara bunƙasa, ana gini ana rusau, ya san Thaddeus da farar bas ɗinsa. Ranar kasuwa doya yake ɗauka. Sauran ranaku gawa yake kaiwa gida, domin mutanensu na can gaba da Akwanga ba sa yarda a binne nasu a birni. Bai rubuta komai a jikin motar ba, wai kada masu doya su guje shi. Gajere ne, ga taurin kai kamar mutanen farko.

Abin da ya raba shi da sauran direbobi, yana faɗa wa mamaci hanya. "Ga kwana, za mu yi dama." "Ga gada, riƙe da kyau." A wajensu, wanda ba a faɗa wa hanya ba gangar jikinsa ce kawai za ta isa gida, shi yana nan inda aka ɓatar da shi.

Ni Lukmanu ma'aikacin gwamnati ne, kuma Musulmi. Da na fara jin zancen, dariya na yi. Na san Thaddeus ne ranar da aka ce in raka gawar Abraham, masinjan ofishinmu, a madadin ma'aikata. Matarsa Christina ta roƙa a biya ta ofis ya yi sallama da inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Muka tsaya bakin titi, ni da ita muka shiga kwaso kayansa, Thaddeus ya zagaya ɗebo ruwan lagireto. Kafin mu fito, masu jan mota sun yi gaba da bas ɗin, da Abraham a ciki.

Muka bi sawunsu har filin da suke tara motoci, wurin da ba na son ƙara gani. Rana tsaka ce, amma tsit kamar maƙabarta. Motoci jere sun yi tsatsa, ciyawa ta fito ta tagoginsu, ƙadangaru na leƙenmu. Ogan wurin, wani Labaran, ko ɗaga kai bai yi ba.

Na ce, "Malam, gawa ce a motar nan!"

Ya ce, "Jiya wani ya ce matarsa na naƙuda a but ɗin motarsa. Kowa da tatsuniyarsa."

Raina ya ɓaci, na zazzage masa duk Turancin da na sani. A banza. Christina ce ta wuce mu, ta buɗe ƙofar bayan bas ɗin. Da Labaran ya ga akwatin, sai ya ja da baya yana salati. Ya ce, "Ku ɗauka ku tafi, don girman Allah. Babu tara, babu komai."

Nan fa Thaddeus ya ce ba ya tafiya.

"Oga, kun ɗauko shi babu wanda ya yi masa magana. Bai san inda yake ba. Wanda ya jawo shi ya maida mu ta hanyar da ya biyo, har inda ya same mu."

Na ce, "Haba Thaddeus! Ga rana, ga tafiya a gabanmu!" Ko kallona bai yi ba. Christina ta ce, "Oga Lukmanu, ka bari. Ba na son in kai wa uwarsa akwati kawai."

Aka kira direban motar jan, wani dogon mutum da ake ce wa Ɗangoggo, gumi na tsiyaya daga haɓarsa. Ya sake ɗaure bas ɗin, muka bi shi muna ciki, Thaddeus ya juya baya yana lissafa wa Abraham kowace kwana yana ba shi haƙuri. Muka koma bakin ofis, muka ɗauki hanya, aka binne shi washegari. Na ɗauka shi ke nan.

Bayan 'yan makonni sai ga Ɗangoggo a ofishinmu yana neman in haɗa shi da Thaddeus. Wallahi da ƙyar na gane shi, ya rame idanu sun faɗa. A gaban Thaddeus ya durƙusa ya faɗi gaskiya. Ranar da ya ja motar, bai wuce fili kai tsaye ba. Ya ratse zuwa gidansa a Mpape ya ci abinci, bas ɗin na ɗaure a ƙofar gida. Tsoron Labaran ya hana shi faɗa, don haka da muka koma bai bi ta can ba.

Ya ce, "Tun daga ranar, kullum da azahar sai a ƙwanƙwasa mini ƙofa. A hankali, irin na mai ladabi. In na buɗe babu kowa. 'Yata ƙarama ta ce wani baba mai riƙe da fayil yana tambayarta ina hanyar Akwanga."

Tsigar jikina ta tashi. Ɗangoggo bai taɓa sanin aikin Abraham ba, kuma haka Abraham yake ƙwanƙwasa ƙofar ofishina.

Thaddeus bai zage shi ba, ni ne ma na zage shi. Tashi kawai ya yi ya duba mai da ruwa, ya aika a kira Christina. Ni na san mamaci yana inda Allah ya ajiye shi, kuma har gobe a kan haka nake. Amma na shiga motar.

A Mpape, a ƙofar gidan Ɗangoggo, Thaddeus ya buɗe ƙofar baya ya tsaya gefe. Ya ce, "Abraham, ni ne direbanka. Laifina ne da na bar ka. Shigo mu tafi." Babu iska, babu motsi, maƙwabta sun yi cirko-cirko. Sai bayan motar ya ɗan sauka, ƙarfen ƙasa ya yi ƙara. Da idona na gani.

Muka gangaro daga dutsen Mpape, Thaddeus na faɗin hanya. Karu, Mararaba, Keffi. Christina na zaune kusa da ni ta ƙura wa titi ido, ba ta yi kuka ba. Ni kuwa tausayinta ya cika ni. Sai da muka bar kwalta muka hau hanyar ƙauyensu Thaddeus ya daina faɗin hanya, ya ce, "Madam, daga nan ke kika fi ni sani."

Ta juya baya, inda babu komai sai igiyar ɗaure doya. Ta kira mijinta yadda ta saba kiransa a gida, ta ce, "Baban Marvel, ga mangwaron gidanku can. Mama tana ƙofa."